Zaɓen Kujerun Da Don Falo Da Ɗakin Cin Abinci: Abin Da Na Koya A Shagon Kawu

Gabatarwa

Kalmar "kujera" tana cikin kalmomin farko da na koya a Hausa, tun a makon farko na aji ɗaya, lokacin da malaminmu yake nuna mana abubuwan da ke cikin aji yana faɗin sunayensu: allo, alli, tebur, kujera. Ni ba Bahaushe ba ne. A Ibadan aka haife ni, a can kuma na tashi, don haka abin da ya dame ni a lokacin shi ne in riƙe cewa jam'inta "kujeru" ne. Ban taɓa zaton wata rana kujera za ta sa ni rubuta maƙala ba.

Abin da ya jawo shi ne bikin yayata. A hutun ƙarshen shekarar 2023 tana shirin tarewa, sai ta ce ita ba ta son manyan kujerun soso irin waɗanda ke cika falo har a rasa wurin wucewa. Kujerun da take so, na katako, irin waɗanda muka taso muka gani a gidan kakanmu kafin a rabar da su. Na raka ta wata kasuwar gwanjo a Legas, muka sayi guda huɗu na teburin cin abinci. Dillalin ya rantse mana cewa daga gidan wani Bature suka fito, kuma sun haura shekara 100. Kuɗin da ta biya ya kusa albashinta na wata biyu.

Da muka kai su shagon kawunmu, wanda ya fi shekara talatin yana aikin kafinta da gyaran tsofaffin kujeru, ko kallon gabansu bai yi ba. Ɗaya ya ɗauka ya kifa ta a kan benci, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa ƙafarta da bayan wuƙa. Sai wani farin gari ya zubo kamar fulawa. Ya dubi yayata ya ce, "'Yata, labari kika saya, aka ba ki kujera gyara." Sauran hutun nan a shagonsa na yi shi, ina tambaya yana amsawa, daga baya kuma na ƙara da karatu. Abin da na tattara shi ne zan kawo wa mai karatu a nan.

Tsohuwar kujera da kujerar da

Tun da mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da suna. Masu wannan sana'a a ƙasashen Turai da Amurka suna raba tsofaffin kaya gida biyu. Na farko suna ce masa "antik", wato abin da ya haura shekara 100 da ƙerawa. Wannan ba ra'ayin 'yan kasuwa kawai ba ne, domin a jadawalin kwastan da ƙasashen duniya ke aiki da shi akwai lamba ta musamman, 9706, wadda aka ware wa kayan da suka wuce shekara 100. Na biyu suna ce masa "bintej", wato abin da bai kai ɗari ba amma ya kai kamar shekara 20 zuwa sama, kuma yana ɗauke da kamannin zamaninsa. Ke nan kujerar 1910 tana gida na farko, ta 1960 tana na biyu.

Da na nemi yadda zan faɗi wannan da Hausa, sai na lura da wani abu da ya ba ni sha'awa. Idan ka ce "tsohuwar kujera", mai sauraro zai iya ɗauka ta lalace ne, ta kusa zama itacen girki. Idan kuwa ka ce "kujerar da", ka ɗaga darajarta, ka danganta ta da wani zamani da ake ganin aikinsa ya fi na yanzu inganci. "Gwanjo" ko "kwance" kuma ba su faɗi komai game da shekaru ba, sun nuna dai wani ya riga ka amfani da abin. Dillali ya san wannan bambanci sarai, ko da bai taɓa shiga ajin ilimin ma'ana ba. Aikinsa shi ne ya sayar maka da tsohuwar kujera da kuɗin kujerar da.

Kifa ta ka duba

Wannan shi ne babban darasin Kawu, kuma a nan zan fi daɗewa. Gaban kujera shi ake gogewa, a shafa wa mai, a yi wa ado. Ƙarƙashinta kuwa ba wanda ya damu ya gyara, shi ya sa gaskiya take zama a can.

Abu na farko shi ne mahaɗa, wato inda ƙafa ta haɗu da mazauni, da inda majingina ta haɗu da ƙafafun baya. A aikin kirki, ana huda rami a katako ɗaya, a sassaƙe bakin ɗayan ya shige ciki daidai, a sa gam, wani lokaci a buga ɗan turken ice ya riƙe. Idan ka ga ƙusoshi ne kawai suka riƙe ƙafa, to ko dai aikin gaggawa ne tun asali, ko kuma wani ya yi gyaran ganin dama. Ka dafa majingina da hannu ɗaya, mazauni da ɗaya, ka ɗan girgiza. Motsi kaɗan ba abin tsoro ba ne, domin gam ɗin da, wanda ake dafawa daga fata da ƙashi, yana bushewa ya saki, kuma ruwan ɗumi yana narkar da shi a sake haɗawa. Abin tsoro shi ne tsagewa a daidai mahaɗar ƙafar baya, domin nan ne duk nauyin mai jingina yake sauka.

Na biyu, sukuru, wato ƙusar nan mai zare da ake murɗawa. Sukuru mai kan gicciye, wanda ake kira Phillips, sai a shekarun 1930 ya shigo masana'antu. Kafin nan, tsaga ɗaya ce a kansa. Kujerun yayata duk sukurunsu masu gicciye ne. Na ce wa Kawu ai wataƙila wani ne ya canza su wajen gyara. Ya ce tambayar ta yi kyau, ya kwance guda ɗaya ya nuna mini ramin. Da an taɓa canzawa, da an ga tsohon rami a gefe, ko tsatsar tsohon ƙarfe ta ɓata katakon. Babu ko ɗaya. Haka kuma ƙananan ƙarafan nan da ake harbawa da bindigar masu kushin don riƙe yadi, da soson roba, duk bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka yaɗu, musamman daga shekarun 1950. Kujerun da suka girme su da ƙananan ƙusoshi ake kama yadinsu, cikinsu kuma gashin doki ne, ko auduga, ko busasshiyar ciyawa. Sai dai a yi hattara: yadi da soso ana sauya su sau da yawa a rayuwar kujera, saboda haka sabon soso ba ya nuna cewa katakon sabo ne. Katakon za a tambaya.

Na uku, alamar tsufa ta gaskiya. Kujerar da aka shekara saba'in ana zama a kanta tana cinyewa ne a inda jiki ke taɓawa: bakin hannuwa, saman majingina inda ake kamawa a ja ta, sandar gaba inda ake ɗora ƙafa, da ƙasan ƙafafu inda suke gogar daɓe. Idan ka ga ƙwarzane ya bazu ko'ina daidai wa daida, har a wuraren da hannu ba ya kaiwa, to da gangan aka yi shi. Akwai masu dukan sabuwar kujera da sarƙa, su shafa mata baƙin mai, don ta yi kama da ta da. Wata alamar kuma ita ce, katako yana tsukewa ta faɗinsa fiye da ta tsawonsa, don haka mazaunin da aka yanka da'ira daga falanki, bayan shekaru masu yawa sai ka auna ka ga ya ɗan koma kamar ƙwai.

Na huɗu, ƙwari. Gara kowa ya san ta. Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne ɗan ƙwaron katako, wanda tsutsarsa ke cin ice daga ciki ta bar ƙananan huji, faɗin kowanne bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Huji mai duhu wanda ba ya zubar da komai tsohon ciwo ne da ya warke. Huji mai haske da ke zubar da gari, ƙwaron yana nan da ransa, kuma idan ka kai kujerar gida zai iya komawa kan tebur da kabad. Dabarar Kawu mai sauƙi ce: a shimfiɗa baƙar leda ko takarda, a ɗora kujerar a kai ta kwana biyu, a zo a duba. Idan kuma kujerar mai yadi ce, a bi ɗinkin da tocila a nemi kuɗin cizo. Wanda ya taɓa zaman ɗakin kwanan ɗalibai ba ya buƙatar ƙarin bayani a kan wannan.

Kujerar cin abinci: tef ɗin awo kafin ido

Kujerar teburin cin abinci ita ce ta fi kowace shan wahala a gida. Ana jan ta, ana tura ta, yara suna lilo da ita a kan ƙafafun baya, miya tana zuba a kanta. Saboda haka ƙarfi ake fara nema, sannan awo.

Yawancin teburan cin abinci na yanzu tsayinsu yana tsakanin santimita 73 da 76. Mazaunin kujera kuma yakan kasance tsakanin 43 da 48 daga ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin mazauni da saman tebur, wadda ake so ta kai kamar santimita 25 zuwa 30, don cinya ta samu wuri, gwiwar hannu kuma ta sauka daidai. Kujerun da sukan gaza a nan, ko don an yi su ne domin wani tebur daban, ko don ƙafafunsu sun cinye, ko wani ya yanke ruɓaɓɓen ƙasansu. Santimita uku ba komai ba ne a ido, amma a wurin cin abinci sai ka ji kamar an mayar da kai yaro. Idan kujerar mai hannu ce, a auna a tabbata hannun zai shige ƙarƙashin tebur. A kuma bar wa kowane mai zama faɗin kamar santimita 60. Mu ba mu je kasuwa da tef ba, kuma ko tsayin teburin ba mu sani ba. Na faɗi wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka dillalin ne kaɗai mai laifi.

Samun kujeru shida ko takwas iri ɗaya, duk masu lafiya, yana da wuya, kuma kuɗinsu ya fi na ɗaiɗaiku nesa ba kusa ba. A ganina ba dole ba ne su zama iri ɗaya. Idan tsayin mazauninsu ya yi daidai, launin katakonsu kuma ya yi kusa, kujeru mabambanta suna zama lafiya a tebur guda. Yayata ba ta yarda da ni ba a kan wannan, ta ce baƙi za su ce tsince-tsince ta yi.

Ta falo kuwa wani abu ne daban

A falo ba a neman kujera ta miƙar da mutum, so ake ya sake. Mazauninta yakan fi ƙasa, kamar santimita 38 zuwa 43, ya fi zurfi, majingina kuma ta ɗan kwanta baya. A nan babu abin da ya kai zama a kai. Ka zauna minti biyar ko goma, ba daƙiƙa biyar ba, ko da dillali yana ƙosawa. Ka kuma tuna da wanda zai zauna. Kujera mai ƙasa sosai tana da kyau a hoto, amma dattijo mai ciwon gwiwa idan ya shiga ba zai fita ba sai an kama shi, kuma a gidajenmu kujerar da ta fi kyau ita ake nuna wa babba.

Irin da aka fi samu a garuruwanmu, kuma nake ganin ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, ita ce kujerar katako mai faɗaɗɗen hannu da kushin biyu da ake cirewa, ɗaya na zama ɗaya na jingina. Ta yi tashe a gidajen ma'aikata tun zamanin mulkin mallaka har zuwa shekarun 1970. Amfaninta shi ne komai nata a fili yake: ka ɗaga kushin ka ga katakon gaba ɗaya, ka sauya soso da yadi da kuɗi kaɗan, iska kuma tana ratsa ta lokacin zafi. Wadda aka lulluɓe da yadi har ƙasa kuwa, ba ka san abin da ke ciki ba sai an farke, kuma kuɗin gyaranta yakan wuce kuɗin sayenta.

Sunayen da za ka ji a bakin dillalai

Akwai sunaye uku da ya kamata mai saye ya sani, don kada a ruɗe shi da su. Thomas Chippendale kafinta ne a Landan wanda ya buga littafin zane-zanen kayan ɗaki a 1754. Littafin ya yaɗu, kafintoci a ƙasashe da dama suka yi ta kwaikwayo har yau. Saboda haka idan an ce maka kujera "Chippendale" ce, salon ake nufi, ba hannunsa ba.

Na biyu shi ne Michael Thonet, wanda kamfaninsa na Biyana a ƙasar Ostiriya ya fito da kujera mai lamba 14 a 1859. Ana turara ice da tururi har ya yi laushi, a lanƙwasa shi a cikin ƙarfe ya bushe a haka. Gunduwa shida ce kawai, da sukuru goma da noti biyu, mazauninta kuma saƙar kwagiri. Ana zuba guda 36 a kwance cikin akwati mai faɗin mita ɗaya ta kowane gefe a tura ƙasashen duniya, kuma kafin 1930 an sayar da kimanin miliyan 50. Tun da haƙƙin mallakar dabarar ya ƙare a 1869 wasu kamfanoni suka shiga yin irinta. Ta asali takan zo da hatimi ko 'yar takarda a cikin zoben mazauni. Darasin da ke nan shi ne tsufa kaɗai ba ya sa tsada: abin da aka yi miliyoyinsa, ko ya shekara 100, ba abin da ba a samu ba ne.

Na uku shi ne Hans Wegner na ƙasar Denmak, wanda ya zana wata kujerar cin abinci mai majingina kamar harafin Y a 1949, aka fara ƙera ta a 1950, mazauninta saƙar igiyar takarda mai tsawon kusan mita 120. Kamfanin Carl Hansen yana yin ta har yanzu, masu kwaikwayo kuma sun cika kasuwa. Ke nan siffa ɗaya tana iya zama ta shekara saba'in, ko ta bara.

Ice da iska

Kujerun da aka yi a ƙasar nan sun fi zuwa da icen loko, wanda Yarabawa ke kira iroko, ko maɗaci da danginsa, ko icen safele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na jihar Delta, inda aka yi babbar masana'antar katako. Loko yana da nauyi, gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Akwai kuma farin ice mara nauyi da ake kira obece, wanda ƙwaro ke so ƙwarai, kuma ana iya rina shi ya yi duhu kamar maɗaci. Ɗaga kujerar ka ji nauyinta, sannan ka duba wani lungu a ƙarƙashi inda rini bai kai ba. Kujerun yayata biyu daga cikin huɗu obece ne da aka rina.

Ga abokan karatuna da za su koma Arewa ko a tura su hidimar ƙasa can, akwai wani abin lura. Katakon da ya shekara hamsin a damshin Legas ko Fatakwal, idan aka kai shi Kano ko Sakkwato ya haɗu da hunturu, zai saki ruwan jikinsa da sauri, mahaɗai su saki, falanki ya tsage. Haka ma kujerar da aka shigo da ita daga Turai. Kada a ajiye ta a rana, ko kusa da taga mai iska, kuma a shafa mata kakin goge katako kafin sanyi ya shigo.

Wani gargaɗin ya shafi doka. Dokar hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta 1979, ta sa aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, kuma ta taƙaita cinikinsu da fitar da su waje sai da izini. Wanda aka yi wa tallar tsohuwar kujerar sarauta, ko irin kujerun nan na Nufawa masu ƙafafu da yawa da ake sassaƙawa daga gungume ɗaya, aka ce masa ta zamanin kakanni ce, to ya san cewa in maganar gaskiya ce akwai doka a kanta, in kuma ƙarya ce an cuce shi.

Gyara ko bari?

Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, amma mu da mun samu tsohon abu sai mu ɗauko sanfefa da fenti. Idan kujera ta da ce da gaske, kankare fatarta yana rage mata daraja, domin wannan duhu da sheƙin da shekaru suka ba ta ba a saye shi a gwangwani. Tsumma mai ɗan damshi da kaki sun isa. Idan kuma tsohon fenti ne a jikinta, a yi hankali wajen gogewa, domin fentin da yakan ƙunshi dalma, ƙurarsa kuma guba ce, musamman ga yara. Amurka ma sai a 1978 ta hana irin wannan fenti a gidaje. Amma kujerar da ba ta da wani tarihi, wadda aka saya don a zauna kawai, ban ga laifin a yi mata launin da ake so ba.

A ƙarshe Kawu ya raba kujerun nan gida biyu. Biyun da ƙwaro ya ci ya fitar da su bayan shago, ya ce kada su kwana kusa da katakonsa. Sauran biyun loko ne, kuma a ƙiyasinsa aikin shekarun 1960 ne ko farkon 1970, ba na gidan wani Bature ba, na wani kafinta ne da ya san aikinsa. Ya kwance su, ya kankare tsohon gam, ya sake haɗawa, ya ƙara wa kowace ƙafa ɗan katako saboda teburin ya fi su tsayi. Yayata ta so ta koma wurin dillalin, Kawu ya ce kuɗin mota kawai za ta ƙara a kan asara. Yanzu kujeru biyu ne a teburinta, da biyu na roba da take fitowa da su idan an yi baƙi. Ta ce in na je hutu mai zuwa za mu sake shiga kasuwa neman cikon biyun, kuma ta riga ta ajiye tef ɗin awo da tocila a jakarta.